Ranar da na hana mutanen Maiyama kallo

Yanzu akwai talabijin a ɗakina a Jega, mai faɗi, babban ɗana ya aiko da ita. Tashoshi ba iyaka. Amma ba na iya zama gabanta. In na zauna sai in latsa wannan, in latsa waccan, yara su ce Baba ka bar mana guda ɗaya mana, sai in jefa musu abin latsawar in fita. Ina zuwa? Bakin titi. Gwiwa ta hana ni hawa mota, likita ya ce in huta, to ga ni ina hutawa a tsaye, ina kallon motocin albasa suna wucewa kudu. Tun kafin mota ta iso nake jin warinta, in gane ko kayan lafiya suke ko sun fara zufa. Ba wanda ya tambaye ni. Direbobin yanzu ma ba su san ni ba.

Ni ban yi boko mai nisa ba, don haka yadda abin ya zo haka zan faɗe shi.

Da muna samari a Jiga Makera babu talabijin a garinmu. Ran Alhamis da la'asar sai mu kama hanyar Aliero, wasu a keke wasu a ƙafa, mu je ƙofar gidan wani dillalin albasa da yake fito da tasa waje ya ɗora a kan tebur. Fara da baƙi ce, eriyarta a kan doguwar gora. Muna son kokawar Turawa, muna son makaɗa in an sa su, amma abin da yake kai mu shi ne wasan wani tela da ake sawa da an idar da magariba. Telan ya karɓi ɗinkin sallah na mutanen gari kaf, tun daga mai gari har mahauci, bai ɗinka ko hula ba. Kowane mako sai ya sake wurin ɓuya. Ya shiga rumbu, ya shiga ƙarƙashin gadon surukinsa, akwai ranar da ya yafa mayafi ya zauna cikin mata masu tallar fura, mahaucin ya zo ya sayi fura a hannunsa. Ran nan har ƙasa na kwanta don dariya. Kowa a cikinmu akwai telan da ya taɓa yi masa haka, shi ya sa abin yake shigarmu.

Babana manomin albasa ne. Ba ya sayarwa da kaka. Sai ya zuba ta a rudu, wato rumbun karan da ake ajiye albasa, ya jira ruwa ya sauka ta yi tsada. Amma kullum a bakin rudu yake sallama wa dillalai, su ne masu kai ta kudu. Ni kuwa na ƙosa da ban ruwa a fadama. In na ga mota ta ɗauki kaya ta miƙa, sai in ji kamar an bar ni a baya ɗaure da igiya. Na yi ta damunsa, Baba mu kai da kanmu, ni in bi kaya. Shekarar da ya yarda, ya haɗa tasa da ta ƙaninsa suka cika mota guda zuwa Ibadan, ni ne ɗan rakiya. Ɗan rakiya a saman buhuna yake zama, kuma ba ya barin kaya sai sallah da bayan gida.

Da safen da ake lodi Baba ya ja ni gefe. Ya ce, "Albasar rudu ba ta son tsayuwa. In mota na tahiya iska na ratsa ta, in ta tsaya sai ta kama zufa. Ka riƙa tura hannu tsakanin buhuna. Kada ka ruhe ta sai ruwa ya zo, in ka ruhe da wuri ka dafa ta, in ka makara ka jiƙa ta, duk ruɓa ce." Sannan ya ce, "Cin shekararmu ke nan, mu da ƙanena. In ta lalace, kai da hanya sai a mafarki."

Abin haushi, ranar Alhamis ce. Kuma makon da ya wuce an faɗa a talabijin cewa wannan shi ne kashi na ƙarshe, inda ran jajibirin sallah gari duka ya fito neman telan. Na ce Baba ko a bari sai Juma'a da asuba. Kallon da ya yi mini ya isa, ban sake ba.

Direban wani gajere ne mai tumbi, bakinsa ja da goro. Duk Alhamis in yana gari shi ne a benci na gaba a ƙofar gidan dillalin, yana ba telan shawara da ƙarfi kamar yana jinsa. Karen motarsa ƙato ne, ya girme ni nesa. Muka bar Aliero bayan azahar. Muka wuce Jega, ina sama ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. Iska tana dukan fuskata, rigata tana kaɗawa, na ce yau na fita.

Da muka shiga Maiyama sai motar ta yi tari, ta sake yi, direba ya gangara da ita ƙarƙashin wata bishiya kusa da wani fili, ya kashe. Ya sauko ya buɗe bonet, ya tura kai, ya fito yana girgiza shi.

Na leƙo daga sama na ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Famfon mai ne. Sai inji ya huce mu gani."

"Yaushe zai huce?"

"Kai ka ƙera shi? In ya huce ya huce."

Karen mota ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya baje sifanu, bai taɓa ko ɗaya ba. Na yi la'asar a gindin taya na koma sama. Ina zaune ina tashi. Maiyama fa, wurin da ko a keke ina iya zuwa. Duk ɗokin da na yi, ga inda tafiyata ta tsaya. Na tura hannu tsakanin buhuna, da ɗan ɗumi amma ba laifi. Na sauko na zaga motar, na hau, na sake tura hannu.

Rana ta yi sanyi sai na ga ana fito da bencuna daga wani ofis ana jerawa a filin. Wasu mutum biyu suka ɗauko talabijin a cikin akwatin katako, wani yana jan janareta. Na dubi direba, shi kuma yana duban sama kamar bai gani ba.

Na ce, "Maigida, wanga famfon mai da magariba zai warke ko sai an gama wasa?"

Karen mota ya fashe da dariya. Direba ya tofar da goro ya ce, "Ɗan mai albasa, bakinka ya fi ka girma. Tun ba a haife ka ba nake ɗaukar albasa. Tsayuwar yamma guda ba ta kashe ta. Kai ma sauko mu tahi ka gani, na san ranka na can."

Raina yana can, ba ƙarya ya yi ba. Na ce Baba ya ce kada in bar kaya. Ya ce to zauna ka yi gadin wari. Suka yi magariba suka wuce, suka bar ni da mota.

Daga saman kaya ina hango hasken talabijin, ƙarami kamar tafin hannu, ba na gane komai a ciki. Kiɗan farkon wasa dai na ji shi sarai. Sai dariya ta tashi. In ta lafa sai ta sake tashi. Na miƙe tsaye a kan buhuna, na yi ɗage, na koma kan rufin direba, duk banza. Na tura hannu cikin kaya don in sami abin yi, sai na ji ɗumin ya ƙaru, kamar hammatar mai zazzaɓi. Ina cikin wannan na ga walƙiya a gabas.

Da farko na ce hadari mai wucewa ne. Tamfol yana naɗe a bayan rufin direba, mai nauyi, sai ƙarti uku ko huɗu suke iya jansa a kan kaya. Ko da zan iya ni kaɗai, in na rufe kayan da suke da ɗumi haka kuma ruwan bai zo ba, na dafa su da hannuna. Na tsaya ina kallon hadarin. Ya haɗu, ya yi baƙi, ya cinye taurarin gabas. Sai iska mai sanyi ta bugo da ƙamshin ƙasa. Duk ɗan manomi ya san wannan iskar, bayanta ba jira.

Na ƙwala wa direba kira, na ƙwala wa karen mota. Janareta yana ruri, mutane suna dariya, wa zai ji ni? In na ruga filin na bar kaya, kuma kafin in ratsa taron in same su a benci na gaba ruwa ya sauka. Na ja tamfol, ko motsi bai yi ba.

Sai na diro, na buɗe ƙofar direba, na hau, na ɗora hannu biyu a kan hon na danne. Ban ɗaga ba. Hon ɗin babbar mota ne, irin wanda ake korar shanu da shi a hanya. Karnukan Maiyama suka ɗauka. Na ga kawuna suna juyowa, na ga mutane suna miƙewa, ban ɗaga ba. Direba ne ya fara isowa da gudu, tumbi yana rawa, takalmi ɗaya a hannu, bayansa rabin filin.

"Kai, ɗan banza! Mi ya same ka? An kusa kama shi!"

Wani ya ce a jawo shi ƙasa. Wani ya ce mahaukaci ne. Na leƙo ta taga na ce, "Albasa ce! Ku dubi gabas!"

Wani tsoho da ya jingina da keke, daga baya na ji mutumin garin Liba ne da yake zuwa kallo duk mako, ya matso ya shinshina bodin motar. Ya ce, "Ta rudu ce wagga. Ku bar zagi, ku hau." Mutanen da suka zo dukana, yawancinsu manoma ne, kowa ya san abin da ruwa yake yi wa albasar da ta kwana wata da watanni a ajiye. Suka hau kamar an kore su. Iska tana fizgar tamfol, muna ja, wani yana zagina yana ɗaure igiya. Ba mu kai ƙarshen bodi ba ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Can filin aka kashe janareta, aka ruga da talabijin cikin ofis. Ba wanda ya ga ƙarshen wasan a Maiyama.

Direba ya shiga mota a jiƙe, ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Ba wanda ya ƙara maganar famfon mai. Da muka wuce Koko ruwan ya ɗauke, na buga rufi da ƙafa, ya tsaya, muka yaye tamfol ni da karen mota don iska ta shiga. A Yawuri bai yi mini magana ba, a Kwantagora ya sayi shayi bai ce in sauko ba. Sai washegari a Mokwa, muna alwala kusa da juna, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kana ganin sun kama shi?"

Na ce, "Wa?"

"Telan mana, wa kuma."

Na ce ni ina ganin ya tsere. Ya ce ƙarya ne, ai mahaucin ya riga ya gane ƙafarsa a ƙarƙashin tabarma. Muka yi ta musu har gadar Jebba, ya ce in sauko in zauna gaba don musun ya yi daɗi, na ce ina kan kaya. Daga baya na tambayi 'yan Aliero, su ma ruwan ya tashe su. Ko an maimaita wasan, muna hanya. Na tambayi mutane a tasha-tasha shekara da shekaru, kowa da ƙarshen da yake ba ni, na daina tambaya.

A Ibadan wata Bayarabiya mai sayen kaya ta sa aka farke bakin buhu, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta zaro guda daga tsakiya ta danna wuyanta da babban yatsa. Ta jefa ta sama ta cafe, ta ce a sauke. Buhunan da suke can baya, inda tamfol bai kai da wuri ba, sun yi laushi, an ware su gefe an sayar a wulaƙance. Sauran lafiya lau.

Kafin in iso gida labari ya riga ni, don masu keke sun kai shi Jega, daga Jega ya shiga Aliero. Na tarar da Baba a bakin rudu yana zaɓen albasa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa na baya sun taɓu. Ya ce ya ji. Ya ci gaba da zaɓensa, sai can ya ce, "An ce ka hana mutanen Maiyama kallo."

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To in kun zo wucewa ta can ka kwanta bisa buhuna, kada su gane ka. Ɗauko buhu ka zo ka kama min, mako mai zuwa akwai lodi."