Ragon Surukin Muhuyi a Lambun Meri

Duk wanda ya san Zongon Kotonu ya san Muhuyi, ɗan kawuna, dillalin shanu. Mutum ne da ko a jikin kalanda ya ga ciyawa sai yawunsa ya tsinke a madadin saniya. Maganarsa ɗaya ce a duniya: "Ciyawa ta Allah ce, wanda ya killace ta ya ci amanar dabba." Ya faɗe ta a kasuwa, ya faɗe ta a wurin suna, har gidan makoki bai bari ba.

To, a ƙofar gidansa akwai wani ɗan fili da ya zama juji. Meri, wato hukumar gari, ta ce za ta mai da shi tashar zem, masu baburan hayar nan da rigar ɗorawa. Muhuyi kuwa ko tarin babur ya ji sai kansa ya sara. Sai Hajiya Ramlatu, shugabar ƙungiyar masu gyaran unguwa, ta je ta roƙa aka ba su filin su yi lambu. Meri ta kawo irin ciyawa da furanni da dashen itatuwa da famfo, su kuma su kawo hannu. Amma da sharaɗi: ranar da wakiliyar meri ta zo ta tarar da wurin ƙwal, zem ne za su gaje shi.

Nan fa mai cewa kada a killace ciyawa ya zama shi ne mai gadinta. Yana ba ta ruwa kamar mai jego, yana yi mata aski da almakashi. Kaza ta ratsa, sai ya raka ta da zagi har unguwar Saint-Michel.

Ana nan Layya ta matso, Zongo ta cika da raguna. Maƙwabta suka fara leƙen ciyawar, Muhuyi yana kora.

"Dillali," in ji Shafi'i mai shayi, "ashe ciyawar Allah ta koma hannun meri? Yaushe aka yi cinikin?"

"Ka tsaya a kan butarka, sarkin gulma!"

Kwatsam ran nan da safe sai ga Alhaji Dramane, surukinsa, uban matarsa Latifatou, ya jawo wani rago mai kama da ɗan maraƙi. Ya buɗe shinge, ya ɗaure shi a jikin dashen meri, ya ce, "Na san a nan ba zai ji yunwa ba." Muhuyi ya zube ƙasa, ido a kan takalmi, yana ta "Na'am Baba, madalla Baba." Tun da ya yi aure bai taɓa kallon tsakiyar idon mutumin nan ba, balle ya ce masa kwance ragonka. Yana durƙushe yana jin ƙarar haƙori a kan furanni, ƙurus, ƙurus, kamar hanjinsa ake tauna.

Ya faɗa cikin gida. "Latifatou, don Allah je ki yi wa Baba magana."

"Ni? Malam, kai da kake da gemu ka kasa, sai ni? Ba kai ne mai wa'azin ciyawa ba?"

Ga shi Hajiya Ramlatu ta aiko cewa wakiliyar meri na tafe a makon. Muhuyi ya yi zufa har hularsa ta jiƙe. Can dabara ta faɗo masa. Ya aika wa suruki cewa rago irin wannan bai kamata ya wuni a titi ba, ido na da dafi, a bar shi ya shigo da shi gida ya riƙa ba shi harawa da dusa da hannunsa. Alhaji ya yi ta sa albarka.

Albarkar ce ta jawo masa. Labari ya bazu cewa dillali ya buɗe masaukin raguna kyauta. Ƙanin suruki ya kawo nasa, aminin suruki ya kawo, liman ma ya aiko. Wanne zai mayar? Tsakar gida ta cika, zaure ya cika, wani har ya cinye igiyar shanyar Latifatou.

Wakiliyar meri ta zo, ta zagaya lambu, ta ga ciyawa shar, ta ce zem su nemi wani wuri. Sai dai Muhuyi bai ji ba, kukan raguna daga gidansa ya rufe muryarta. Sai da Shafi'i ya matso ya kwarara masa a kunne: "An bar maka lambunka! Ka huta da hayaniya!"

Muhuyi ya harare shi, ya saɓi buhun dusa ya shige gida.