Mai Guduma da gilashin ƙarƙashin gada

Mu na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ranar Talata, sha ɗaya ga Agusta, da hantsi, tsohuwar gada ta rufta da kai, Mai Guduma. Sai washegari aka tsamo ka.

Benci ɗaya muka zauna a ajin manya na yamma, furfura ta riga ta fito mana. Ni na koyi rubutu don in sa hannu a takarda, kai kuwa don ka rubuta wa ofishin hanyoyi cewa ambaliya tana cin gindin gadar. Shekara tara kana rubutawa, ko sau ɗaya ba a amsa maka ba.

Tun da aka sallame ka daga aikin duba gadoji ba ka daina sauka ƙarƙashinta ba. Kana ƙwanƙwasa ginshiƙai da guduma, kana kasa kunne. A kan wata babbar tsaga a jikin ginshiƙi ka manna guntun gilashi da siminti, ka ce ran da ya fashe, gada ta motsa. Muka riƙa tambayarka ko gadar ta kwana lafiya, muna dariya. Ni ne na fi kowa ƙarfin dariyar.

Ran nan, bayan kwana uku ana ruwa, na ɗauko 'yata a motar haya tana naƙuda. Muka tarar ka gindaya kekenka a bakin gadar, kana nuna gilashin a tafin hannu, ya rabu biyu. Na fito na ci kwalarka a gaban jama'a, na ce wanda bai taɓa haihuwa ba ina zai san zafin ɗa.

Ka ce, "Gaskiyarka, abokina. Amma ba ta nan za ta bi ba."

Muka juya ta doguwar hanya ina tsine maka. Kai kuma ka taka gadar don ka tare masu tahowa daga wancan ƙetaren. Ka ɗaga musu hannu, suka tsaya. Ba ka kai ba.

Jikata ta zo lafiya, ita ce ta fari, kuma ba zan yi ƙarya ba: murna ta hana ni kuka. Da na je wa matarka gaisuwa, an riga an gaya mata abin da na faɗa maka. Ta dube ni ta ce, "An sauka lafiya?" Sai na ji ina murmushi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba matarka da ƙanwarka haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini, tunda wanda zan roƙa ya tafi.