Ashe Tumbin Baba Ruwa Ne

"Malam, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Hantarsa ta daɗe da taɓuwa."

Haka likita ya ce min jiya, yana danna cikin Baba.

Tun farkon damina cikin yake girma, mu kuwa muna ta murna. Har taubashinsa ke tsokanarsa a ƙofar masallaci: "Manomin Damari ya ajiye tumbin alhazai!" Baba sai dai ya shafa, ya yi dariya.

Da likitan ya fita na ce, "Baba, ba ka ji komai a jikinka ba?"

"Na ji mana. Wanda tuwo ya daina shigarsa, ina zai samo ƙiba?"

"To don me ka yi shiru?"

"Masara na gona, hanyar asibiti kuma ba kullum take biyuwa ba. In na kwanta, ƙannenka su ci me?"



Ranar Asabar zan ajiye allin koyarwa, in je in karyo masarar da kaina. Inna ce ban san yadda zan tunkara ba, don har yanzu alfahari take girkinta ya karɓe shi.

Ku da kuka yi jinyar hanta, da wane baki kuka fara faɗa a gida?