Amsar da ke Fitowa ta Tagar Kicin

Duk layin nan, in ana maganar kafa ƙofa, Baba Kafinta ake kira. Hannu kam Allah ya ba shi. Abin da ya ɓoye wa duniya shi ne, bai iya haɗa awo mai guntu-guntu ba. Shagonsa a jikin gida yake, taga ɗaya ce tsakaninsa da kicin. In awo ya cije sai ya ɗaga murya: "Maman yara, biyu da rabi da ɗaya da kwata fa?" Kafin ya cire fensir daga bayan kunne amsa ta fito tare da hayaƙi. A haka suka tsufa.

Da ta rasu, yaran suka ɗan kwana biyu suka koma inda suke aiki. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai. Ya daina karɓar duk aikin da awonsa bai cika cif ba, masu kawo aiki suka yi ta raguwa.

Ran nan mai kemis ya kawo katako biyu masu kyau, a yi masa firam ɗin ƙofa. Inci talatin da biyu da rabi, a ƙara inci ɗaya da uku bisa takwas. Tsoho ya haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, ya sami huɗu bisa goma. Tef ɗin awo kuwa ba ruwansa da goma! Ya kintata ya yanka, katako ya gaza. Saura ɗaya. Ya ce a ransa, in wannan ma ya lalace, ya rufe shagon ke nan.

Daga baya ya haɗiye girman kai, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarsu, tsohuwar malamar firamare, ya nuna mata awon da ya gagare shi.

"Baba, ai sai ka mai da su iri ɗaya tukuna," in ji ta. "Rabi huɗu ne bisa takwas, duba layukan tef ɗinka. Huɗu da uku?"

"Bakwai."

"Talatin da uku da bakwai bisa takwas. Ka ga, kai har ka fi marigayiya saurin ɗauka."

Ya ɗago kai. "Wace marigayiya?"

"Maman yara mana! Ai da kuka tare a nan ko kwata ba ta sani ba. Kullum ka tafi sayo katako sai ta lallaɓo da goyo in koya mata, har kuka take yi in ya ƙi shiga. Ta ce maigidanta na ɓata katako, kuma ba ta son a ji a waje."

Ya yi godiya da ƙyar. Ya koma shago ya auna, ya ja layi, ya ɗora zarto. Sai da ya goge ido da bakin riga sannan ya iya ganin layin.