Gandu a Cikin Kwamfuta

Shekarar da nake haɗa kundin digirina na biyu, malamin da ke duba ni ya mayar mini da babi na huɗu da jan biro a kai. Ya ce alƙaluman sun yi kyau fiye da kima, kuma ya ga layuka suna maimaita juna. Bai ce na ƙirƙiro su ba, amma kallon da ya yi mini ya faɗa. Ya ba ni mako biyu in yi bayani, ko in sake tattara bayanan daga farko.

Sakewa ba ta yiwuwa. Rabin manoman a Zugu na yi hira da su, a kan babur, lokacin da hanya ke biyuwa. Yanzu ko ɗan acaba ba ya yarda ya kai mutum. Sauran a fadamar Gummi suke, garinmu.

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne: lissafin rigireshan, wanda zai nuna yadda yawan taki ke shafar yawan shinkafar da aka girbe. Kowane manomi layi guda a jadawali, da lamba a maimakon suna. Na koma gida na buɗe manhajar lissafi ta R, na sa ta zaƙulo layukan da suka yi kama. Ta zubo su rututu. Mutum uku, huɗu, fili iri ɗaya, taki iri ɗaya, buhuna iri ɗaya. Na zargi yadda na haɗa jadawalin manoma da na gonaki, na warware na sake haɗawa. Na zargi kwamfutar ma, baiwar Allah. Takardun asali da na ɗauko suka nuna haka mutanen suka faɗa mini da bakinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Wata la'asar ina zaune a tsakar gida ina karanta layukan a fili ina tsaki, Inna tana tsince shinkafa a faifai. Na karanto wasu uku na fadamar bakin gulbi.

Ta ɗago ta ce, "Wagga ai gonarmu ta. Babanka da ƙannenai biyu. Kai da ka girma da tuwon gandun ga, mi kaka tambaya?"

Nan take na gane. Na tambayi kowane mutum abin da ya noma, kowa kuma ya ba ni lissafin gandu, gonar da 'yan'uwa ke nomawa tare su ci daga rumbu guda. Ba wanda ya yi ƙarya. Ni ne na shigar da gona ɗaya sau uku, lissafi ya ɗauka shaidu uku ne daban. Boko ya sa na ƙirga kawuna, na manta da rumbu.

Kwana huɗu na yi ina bin takardu ina ba kowane gandu lambarsa, na ware gayauna, wato 'yar gonar da mutum ke yi wa kansa. Layuka suka ragu sosai, sakamakon ya rage ƙyalli, malamina ya sa hannu.

Namu na bari ƙarshe. Baba ya rasu bayan hirar da damina ɗaya, an raba gonar, ƙannensa biyu ko gaisawa ba sa yi. Na daɗe ina kallon layukan nan uku a jere. Sannan na haɗe su guda, kamar yadda suke ranar da na tambaye su.