Malam Uwaisu Mai Juya-ka-gani

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, goma ga watan Maris, 1965, ina zaune a ofis a Ikara da hantsi, Malam Gambo na makarantar Furana ya jingine kekensa ya shigo. Ya ce Malam Uwaisu Jumare ya cika bayan jinyar kwana tara. Kafin in isa, Malam, an riga an kai ka makwancinka.

Kai ka koya mini karatun boko a elementare ta Makarfi. Ban taɓa ganin bulala a hannunka ba, sai almakashi da kwali. Kwalin sabulu ba ya tsira a gabanka, har masu kanti suka riƙa tara maka. Kakan yanka shi ƙanana, ka rubuta tambaya a gaba, amsa a baya. Yaro ya karanta, ya faɗi abin da ya sani, sannan ya juya ya duba da kansa. In ya dace ya ɗauki na gaba, wanda ya ɗan fi wuya. In ya kuskure ya koma baya, ba mai yi masa dariya. Juya-ka-gani ka raɗa masa. Da shi Lado mai rake na Gubuchi, yana da furfura, ya iya rubuta wa ɗansa wasiƙa a ajin yaƙi da jahilci. Har yau yana faɗa a kasuwa.

A 1962 aka naɗa ni mai duba makarantu, ina ji da kaina ƙwarai. A shekarar aka raba wa makarantu akwatin rediyo don darasin safe. Na zo Malikanchi, inda kake shugaban makaranta, daidai lokacin darasin. Na tarar da rediyon a lulluɓe da ƙyalle, yara kuwa suna kan tabarma suna juya kwali.

Ka ce, "Ja'afaru, zauna ka ji. Mutumin cikin akwatin nan yakan yi tambaya ya yi shiru. Yaranmu ba sa amsa wa babban da ba su ga fuskarsa ba, sai su sunkuyar da kai. Can sai ya ce, 'Madalla, kun yi daidai!' Wa ya yi daidai? Ni nake saurarensa da la'asar in an maimaita, in yanyanka darasin in zuba musu a kati."

Ban zauna ba. A gaban yara na ce ba a kawo rediyo don a lulluɓe shi ba, kuma zamani ya wuce kwalin sabulu. Ka dube ni ka ce, "To, yallaɓai." Tun ina ɗan shekara bakwai ba ka taɓa kirana haka ba. Ya kamata jikina ya yi sanyi, amma daɗi na ji.

Na koma na rubuta rahoto cewa ka ƙi kayan zamani, kana ɓata lokacin yara da wasan kati. Haka na rubuta, wasan kati, ban tsaya na yi bayani ba. Waɗanda suka karanta a sama suka ɗauka karta ce. Aka sauke ka daga shugabanci aka mai da ka Furana, magana kuma ta bazu har Kudan cewa Malam Uwaisu yana koya wa yara caca. Na ji ana faɗa, na yi shiru, don gyarawa na nufin in amsa cewa alƙalamina ya yi kuskure.

Bara da damina aka tura mu kwas a Zariya. Wani Bature ya ɗora mana na'ura a kan tebur, mai 'yar taga. Tambaya ta fito, mutum ya amsa, ya murɗa hannun na'urar, amsar ta bayyana. Ya ce sabuwar hanyar koyarwa ce, mataki-mataki, kowane yaro da saurinsa. Ɗaki ya ɗauki tafi, ni ma na tafa, alhali kunya ta rufe ni. Juya-ka-gani ne aka saka a gidan ƙarfe.

Tun ranar na ƙudura zan zo in durƙusa a gabanka. Na ce sai ruwa ya ɗauke, na ce sai an gama girbi, na ce sai bayan Salla. Furana ba ta da nisa, Malam. Girman kai ne ya hana ni.

Bayan sadakar uku na je ofishin ilimi in janye rahoton. Akawu ya ce an rufe fayil ɗin mamaci, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Shi ya sa nake rubuta wannan inda kowa zai gani. Malam Uwaisu bai taɓa koya wa ɗan kowa caca ba. Karatu ya koyar, ni na ɓata masa suna.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane harafi da ka koyar ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka, Inna Ummuhani, da 'ya'yanka Tukur da Bilki, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku nake roƙo ku yafe mini, don wanda ya kamata in roƙa ba zai ƙara ji na ba.

Ja'afaru Sada, Ikara