Kashim Ɗaya a Kan Ruwa

Duk wanda ya taɓa sayen banda a Kasuwar Kifi ta Baga Road ya san Ba Kashim, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan da ke jera kwalayen kifi kamar masu fareti, wanda sai ya goge takalminsa fes kafin ya shiga kasuwar da ko'ina ƙaya ce da toka. Tsohon sojan ruwa ne. Ɗan Maiduguri a kan teku! Shi kansa dariya abin yake ba shi, yakan ce ranar da aka ɗauke shi aiki ruwan da ya fi sani shi ne na randa.

Jirgin yaƙin da ya yi wa aiki sunansa Ngadda, takwaran kogin da ya ratsa garin. In kana sauri, don Allah kada ka tambaye shi labarin. Zai ajiye ciniki ya ce maka Ngadda ba ɗaya ba ce, uku ce. Ta farko ƙarama ce, ta hannu aka sayo ta, tana tari tana tafiya, amma ba ta taɓa dawowa ba ta cika aikinta ba. Da ta gaji aka ajiye ta, aka ɗauki sunan aka ba ta biyu. Wannan ita ce tasa. A cikinta ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin inji, cikin zafi da baƙin mai, daga Legas zuwa Kalaba, suna korar 'yan fashin teku, suna tsamo masunta da ruwa ya ci kwalekwalensu. Ta uku kuwa, sabuwa fil mai gudun tsiya, a waya kawai ya gan ta.

"Suna ba ya nutsewa," haka yake rufewa kullum. "Amma dokar ita ce, jirgi biyu ba sa yawo da suna ɗaya. Sai an sallami tsoho ake ba sabo."

Akwai abin da ba ya faɗa wa masu sayen kifi. Ranar da aka sallami Ngadda ta biyu, tana ɗaure a bakin tasha, ruwa na lilo da ita, aka ce a shafe sunan da ke jikinta. Wani sabon kurtu aka miƙa wa gwangwanin fenti. Kashim ya ce wallahi baƙo ba zai yi mata wannan ba, ya karɓa ya shafe da hannunsa, harafi bayan harafi. Bai ci abinci ba ranar.

To, ana nan sai matar ɗansa Abdulmutallib ta haifi namiji. Abdulmutallib, yaron kirki, ya zo kasuwa da rana ya durƙusa gefen kwalaye, bakinsa har kunne.

"Baba, sunanka zan sa masa."

Wani uban da sai ya fara sa albarka. Ba Kashim kuwa fuskarsa ta canja nan take.

"Sallamata kuka yi ke nan?"

"Baba, wace irin sallama?"

"Ina numfashi, ina ɗaga kwali da hannuna, za ku ɗauke sunana ku ba wani? Ku jira in tafi mana! Me ya yi zafi?"

Jama'a, a Barno fa ake, inda gida ɗaya za ka iske mai sunan kaka da mai sunan kawu suna wasa a tsakar gida, masu sunan na zaune suna kallo. Shi ma ya sani sarai. Sai dai abin da ya gani a ransa ba jariri ba ne, gwangwanin fenti ne. Abdulmutallib ya tashi jiki a sanyaye. An sayi rago, an raba goro, ranar suna na ƙaratowa, jariri ba suna. Mai jego ta yi ta kuka, don a zatonta surukinta ne ba ya son ɗan.

Matar tsohon, Ya Kaltum, ta yi magana, ya toshe kunne. Da ta ga haka sai ta aika a kira mata Yoila, abokin aikinsa na ɗakin inji, mutumin Biu, wanda suka sha gumi ɗaya a Ngadda ta biyu. Duk garin nan shi kaɗai ya rage da ke kiransa Kashim gatsal, ba Ba, ba Baba.

Yoila ya iso da sandarsa da hantsi, ya zauna kan benci, ya ɗebi banda ya ci ba tare da an ce masa bismilla ba.

"Kashim, tsufa ya taɓa maka kai ne? Ina jirgin nan da ke ɗaure kusa da mu a tasha, mai kwana a gyara, wanda bai taɓa fita ya dawo da ƙafarsa ba? Yaya ma sunansa?"

Ba Kashim ya nema ya nema. Sunan ya ɓace masa ƙaf.

"Ka gani? Ni ma na manta. An sake ba wani jirgi sunansa?"

"Wa zai ba jirgi sunan wannan?"

"To! Sunan jirgin da ya yi abin kirki ake mayarwa. Ranar da na nuna maka ta uku a waya, wa ya yi hawaye har masu kifi suka taru? Ba kai ne ka ce ashe ba a manta da mu ba? Yaron nan bai zo da fenti ba, Kashim. Cewa ya yi ka yi abin kirki."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya lulluɓe shi, ya rasa inda zai sa idonsa sai kan kwalayen kifi. Amma soja ba ya miƙa wuya haka siddan. Da ya koma gida ya kira ɗansa ya ce ya yarda, bisa sharaɗi guda: muddin yana kan ruwa, kada wanda ya kira yaron Kashim.

Ya Kaltum ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, da ma wane marar kunya ne zai kira sunanka a gidan nan? Babagana za a ce masa, wato ƙaramin baba, kamar kowane mai sunan kaka."

Ranar suna shi ya karɓi jaririn, ya raɗa masa sunan a kunne. Babagana ya tashi a gindin kwalayen kakansa. Ya haddace Ngadda uku tun bai iya canji ba, ya koyi jera kaya a layi, har goge takalmin nan na fitina sai da ya gada. Tsohon bai taɓa kuskuren kiransa da sunan ba, kuma bai bar kowa ya yi ba.

Bara da damina Ba Kashim ya kwanta, ciwon bai ja shi da nisa ba, Allah ya yi masa rasuwa. Bayan an share makoki, Babagana, wanda yanzu saurayi ne, ya buɗe rumfar.

Wata safiya sai ga Yoila da sandarsa, idonsa ya yi rauni sosai. Ya hango dogon mutum a tsaye bayan kwalaye jere reras. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Kashim!"

Maƙwabtan rumfa suka juyo. Saurayin bai taɓa jin an kira shi haka ba tunda aka haife shi. Ya ajiye kwalin da ke hannunsa, ya miƙe tsaye sosai.

"Na'am, Baba."

Yoila ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Sannan ya cire hularsa, ya lallaba ya zauna kan benci. Saurayin ya ɗebo banda ya ajiye masa a gaba.